Kurakuran da aka fi yi wajen saita tafet ɗin babur a gida

Yawancin masu babur da kunne suke saita tafet, wato ɗan gibin da ke saman bawul ɗin inji, kuma daga nan ɓarnar da ta fi cin kuɗi take farawa. Mutum ya ji injin yana ƙas-ƙas-ƙas daga sama, sai ya buɗe murfi ya yi ta ɗaure sukuru har ƙarar ta ɗauke, ya ce aiki ya yi kyau. Alhali ɗan gibin da ke tsakanin roka (ƙarfen da ke danna bawul) da kan bawul da gangan aka bar shi. Ƙarfe yana miƙewa in ya ɗau zafi, bawul ɗin salansa kuwa shi ya fi kowa shan wuta. In babu gibi ba zai zauna daram a mazauninsa ba, kuma ta wannan zaman ne yake sauke yawancin zafinsa a jikin hed. Sai hayaƙi mai zafi ya riƙa zurarewa ta gefe yana cin bakinsa har ya ƙone. Kafin a kai nan babur zai nuna alama: da safe sai an sha kik, yana mutuwa a silo, a hawa kuma ba ƙarfi. Da yawa sai su ɗora wa kafireta ko filogi laifi. Tafet mai ɗan motsin ƙara ya fi wanda ya yi tsit aminci nesa ba kusa ba. Maganin dai filagej ne, wato ma'aunin gibi mai siraran ƙarafa, ba shi da tsada a shagon kayan gyara.

Na biyu shi ne awo da zafin inji. Ɗan acaba ya dawo daga aiki, ya kafe babur a ƙofar gida, nan take ya hau kwancewa. Duk abin da ya auna a lokacin ƙarya ne. Adadin da kamfani ya rubuta na inji mai sanyi ne, don haka a bar shi ya kwana, a yi aikin da sassafe.

Sai batun alamar T da ke jikin magneto, inda har waɗanda suka daɗe a harkar suke zamewa. Fistin yana hawa sama sau biyu kafin inji ya kammala zagayensa, kuma duk hawan alamar tana bayyana a ramin leƙawa. Ɗaya ne kawai naka, wanda bawul biyun suke a rufe. Cire filogi don juyin ya yi sauƙi, ka juya injin ta ɓangaren da yake juyawa in yana aiki, ka zuba wa bawul ɗin gefen kafireta ido. Zai nutsa, ya dawo sama. T ɗin da ta fara zuwa bayan haka ita ce daidai. Kama kowace roka da yatsa ka girgiza, ya kamata ka ji 'yar rawa a duka biyun. In sun ƙame, ƙara zagaye ɗaya cur. Kada kuma ka tsaya a kan F da ke kusa da ita, wannan ta wuta ce.

Adadin ma ba ɗaya ba ne a kowane babur. Honda CG125 tana son milimita 0.08 a bawul biyun, ƙananan Honda Cub kuwa 0.05, wasu injinan kuma gibin bawul ɗin salansa ya fi na gefen kafireta faɗi. Duba littafin naka babur, ko Boxer ne ko Jincheng ko Haojue, kada ka ari na maƙwabci. A lura da rubutun jikin filagej ɗin, don wasu suna ɗauke da inci da milimita tare: 0.002 na inci shi ne kusan 0.05 na milimita, wanda ya ɗauko 0.005 na inci kuwa ya ninka gibin fiye da biyu.

Wajen ɗaure noti ma ana asara. Ka saita daidai, filagej yana shiga yana fita da ɗan ja kamar ana zare wuƙa daga kube, amma kana murɗa notin sai sukurun ya bi shi, gibin ya matse. Riƙe sukurun gam lokacin da kake ɗaurewa, sannan ka juya injin zagaye biyu, ka sake awo. Wannan awon na ƙarshe shi mutane suka fi tsallakewa.

Kafin ka buɗe murfi ka goge wajen tas, musamman da hunturu, domin duk yashin da ya faɗa ciki baƙin mai zai zaga da shi inji. In za ka mayar, duba robar murfin, kuma kada ka danne sifana da ƙarfi, zaren alminiyon ba ya jure haka.

In ka saita daidai amma ƙarar tana nan, daina taɓa tafet. A injin da ke da tayimin cen, wato sarƙar da ke sarrafa buɗewar bawul, sau da yawa shi ne ya saki, ko kuma roka ta cinye. Manyan baburan da ke amfani da shim (ɗan faifan ƙarfe mai daidaita gibin) kuwa ba su da sukurun saiti sam. Awo za ka iya a gida, amma canza shim sai an cire kamshaf a yawancinsu, wannan a kai wa bakaniken da ya saba da irinsu.