In Amfilifayar Jita Mai Bawul Ta Fara Gwarti

Da hunturun bara wani yaro ya kawo mini amfilifayar jita ƙirar Marshall shagona a Sabon Gari, wai sautinta ya shaƙe, yana karce kamar mai mura. Ga yadda nake bi.

Kafin komai, kada ka kunna ta babu lasifika, taransifomar fitar da sauti za ta iya ƙonewa. Kuma kafasitocin ciki suna riƙe wuta sama da bolt 400 ko an cire filogi, sai ka sauke ta tukuna. Hannu ɗaya a aljihu, Malam.

Fara da mai sauƙi: canza waya, busa ƙurar Kano daga soket, ƙwanƙwasa ƙananan bawul (kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti) masu lamba 12AX7 da fensir tana kunne. Wanda ya yi ƙara a lasifika, shi ne mai matsala.

Sannan bayas, wato saitin yawan wutar da ke ratsa manyan bawul. Kashe fitilar ɗaki ka leƙa manyan bawul. In farantin ciki ya yi ja kamar garwashi, bayas ya yi zafi, kashe nan take. In kuma sautin siriri ne, yana kakkarcewa lokacin da kiɗa ke mutuwa, ya yi sanyi. Don auna bayas, ni ina sa resista mai om 1 a ƙafar babban bawul da ake kira katod, kowane milibolt a mita ya zama miliamf ɗaya. Babban bawul EL34 wat 25 ne, kada ka wuce kashi 70 cikin ɗari na hakan: a bolt 450, kusan miliamf 38 ke nan.

Ta yaron nan kuwa, janareta ne ke rage ƙarfin wutar. Muka sa mata sitabilaiza, na sake aunawa, ta dawo garau.