Yadda za ka ci kwas ɗin fiziks na farko a jami'o'in Saudiyya

Yaranmu da ke shiga fannin kimiyya ko injiniyanci a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, ko Ummul Ƙura ta Makka, ko Jami'ar Musulunci ta Madina, kusan duk sai sun haɗu da fiziks a shekarar farko. Da wanda aka haifa a nan ya yi sakandare da Larabci, da wanda ya zo daga Kano ko Sakkwato da tallafin karatu, abu ɗaya ke kayar da su: hadda. Mun saba da ita, kuma ta yi mana rana a wasu fannoni, amma a fiziks ba za ta kai ka ko tsakiyar zango ba. Ga hanyar da nake ba ƙannena shawarar su bi.

Ka fara da gyara lissafinka tun kafin a shiga aji. Juya ƙa'ida don fitar da abin da ake nema, sayin da kosayin na lissafin kusurwa, karanta jadawalin zane, da rarraba fekta (adadi mai girma da alƙibla, kamar ƙarfi) gida biyu. Yawancin waɗanda ke cewa fiziks ya gagare su, aljabara ce ta gagare su. Ka kuma duba kalkuletarka, ka tabbata tana auna kusurwa da digiri ba radiyan ba.

Sai ka buɗe ƙaramin littafi na kalmomi. Litattafan kwas ɗin galibi da Turanci suke, malami kuma yakan zame zuwa Larabci idan bayani ya yi zafi. Duk sabuwar kalma ka rubuta ta da harsunan biyu, a gefe kuma ka bayyana ta da Hausa kamar kana yi wa ƙaninka bayani. In bayanin ya ƙi fitowa, da sauran aiki.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan abin, a nan nake so ka daɗe. Duk tambayar da ta zo, kada ka fara laluben ƙa'ida. Ka zana hoton abin tukuna, ko da akwati ne da kibiyoyi. Ka sa kibiya ga kowane ƙarfi da ke aiki a kansa: jan ƙasa, turin abin da yake kai, gogayya. Ka rubuta abin da aka ba ka da abin da ake nema, sannan ka mayar da komai mita da kilogiram da daƙiƙa. Bayan haka ne ƙa'idar da ta dace za ta nuna kanta.

Ɗauki jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018. Yana iya gudun kilomita 300 a awa. Raba 300 da 3.6, ka sami kusan mita 83 a daƙiƙa, kuma da wannan adadin za ka yi aiki. Tsawon layin daga Makka zuwa Madina kusan kilomita 450 ne, wato awa ɗaya da rabi a lissafi, amma tafiyar kan haura awa 2. Me ya sa? Yana tsayawa a tashoshi, yana rage gudu, yana sake ɗauka. Wanda ya gane wannan ya gane bambancin matsakaicin gudu da gudun wani lokaci na musamman, kuma a kan wannan bambancin ake gina babin motsi gaba ɗaya.

Misalin da na fi so shi ne ruwan nan mai feshi na Sarki Fahad da ke bakin tekun Jidda. Ruwan na fita da gudun kusan kilomita 375 a awa, wato mita 104 a daƙiƙa. Ninka 104 da kansa, ka raba da ninki biyu na 9.8, wato adadin jan ƙasa, za ka ga ya kamata ya tashi sama kusan mita 550. A zahiri wajen mita 300 yake kaiwa. Lissafinka daidai ne. Ƙa'idar ce ta ɗauka babu iska, alhali iska na tarwatsa ruwan tana cinye masa ƙarfi. Saboda haka duk ƙa'idar da ka koya, ka koyi sharaɗinta tare da ita, kuma duk amsar da ka samu ka tambayi kanka ko hankali zai ɗauka.

Na huɗu, ka riƙa warware tambayoyi da hannunka kullum, ko guda uku ne bayan sallar Asuba. Karanta amsar da wani ya warware kana gyaɗa kai kallon kitse ne ake yi wa rogo. Rufe littafin, ka sake yi daga farko. In ka cije, ka ba tambayar minti 15 kafin ka leƙa. Shafin PhET na Jami'ar Kolorado yana da gwaje-gwajen kwamfuta kyauta, har da fassarar Larabci, shafin OpenStax kuma na ba da litattafan fiziks ba ko sisi.

Kada ka raina lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ka rubuta abin da ka auna, ba abin da littafi ya ce ya kamata ka samu ba. In ka auna jan ƙasa da lilo (ƙwallon da aka rataye da zare) ka sami 9.6 maimakon 9.8, ka rubuta 9.6 ɗin, ka bayyana inda kake jin kuskuren ya shigo.

Sannan ka je ofishin malami a lokacin da ya ware wa ɗalibai. Yaranmu na da kunya da kawaici, abin so ne, amma a nan cutarwa suke yi. Ka tafi da takardarka, ka ce, "Dakta, ga inda na kai, a wannan layin na tsaya."

Ranar jarrabawa ka karanta tambayoyin duka, ka fara da wadda ka fi iyawa. A kowace ka sa zanenka da matakanka a fili, ka rubuta ma'auni kusa da amsa, domin malamai da dama na ba da maki a kan hanyar da aka bi ko da adadin ƙarshe ya kauce.