Yadda Za Ka Gasa Tukwane a Ƙaramin Tanderu Ba Su Fashe Maka Ba

Matoya irin ta gargajiya kowa ya santa, a jera tukwane a fili a lulluɓe da kara da itace da kashin shanu a cinna wuta. Tana aiki, amma zafinta da wuya ya wuce digiri 900, shi ya sa randa ke tsatsafo. In kofi ko faranti mai ƙyalli kake so ka yi to sai tanderu rufaffe. Irinsa wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gina a Suleja lokacin ana ce mata Abuja, na itace ne, zafinsa na haura digiri 1200, kuma a nan Ladi Kwali ta jikin naira ashirin ta fara aiki a 1954.

Iri uku ne: na lantarki, na gas, na itace. Na lantarki ya fi sauƙi amma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi ka shiga uku, na itace kuma kwana za ka yi kana tura masa. Ni dai na gas nake ba mai ƙaramin wuri shawara, silinda biyu da bulon da ke jure wuta. Jan bulon gini ba zai kai ka 1200 ba.

To kafin komai ka tabbata kayan sun bushe ƙarau. Ɗora gindin tukunyar a kumatunka, in ka ji sanyi akwai sauran ruwa, mayar da ita inuwa. Ni na taɓa yin gaggawa saboda wata hajiya na jiran kayanta, ko awa ɗaya ba a yi ba na ji tas! tas! daga ciki, tulu guda ya tarwatse ya tafi da na kusa da shi har huɗu.

Wajen jerawa manya a ƙasa, ƙanana a sama, ka bar wa wuta hanya. Gashin farko, wato kafin a shafa ruwan ƙyalli, ba laifi su taɓa juna, amma in an shafa musu ruwan ƙyalli ko kaɗan kar su haɗu, mannewa za su yi, kuma ka goge gindinsu.

Sai wuta. Nan ne fa aikin yake. Awa biyu zuwa ukun farko ƙasa-ƙasa, ƙofa a ɗan buɗe tururi ya fita, don ruwa na tafasa a digiri 100 kuma in ya rasa mafita shi ke fasa tukunya. Kara madubi a inda tururin ke fita, in ya yi gumi da saura. Wajen 573 ma ka lallaɓa, a nan yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya. In ba ka da ma'aunin zafi leƙa launin ciki: ja mai duhu wajen 700 ne, ruwan lemo kuwa ka kusa 1000, gashin farko ya yi kenan. Jan yumɓunmu in ya wuce 1100 sai ya fara lanƙwashewa.

Ka kashe, toshe duk wata kafa, ka tafi harkarka sai gobe. Kar ka buɗe sai hannunka zai iya ɗaukar tukunyar ba tsumma. Ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ta yi ƙara kamar ƙarfe ta gasu, in ta yi dum akwai tsaga. Waɗanda suka fashe kuma kar ka zubar da tsingaron, daka shi ka cuɗa cikin yumɓun gaba.