Darasi Na Tara: Zubin Ƙarfe Da Murhun Baƙin Mai

Duk garin da ke da injin niƙa da injin ban-ruwa da 'yan acaɓa, ba ya rasa baƙin mai. In bakanike ya yi wa inji juye, man da ya fito yakan ƙare a bayan shago, ko a kwata, ko a shafa wa azara saboda gara. Wannan man yana cin wuta, kuma in aka haɗa shi da iska, zafinsa ya isa ya narkar da alminiyam cikin ɗan lokaci. Gawayi kuwa kullum ƙara tsada yake, itatuwan da ake sarewa ana yin sa kuma ba su da yawa a wajenmu.

Wannan darasi na mai son koyon zubi ne a gida, bayan an gama aikin gona. Ba sai ka gaji ƙira ba. Amma in akwai maƙeri ko mai zubin tukwane a garinku, je ka gaishe shi, ka zauna ka ga yadda hannunsa ke tafiya. Abin da ido ya gani ya fi zama.

Wane ƙarfe za ka narka?

A kasuwa za ka ji ana cewa "tukunyar dalma". Suna ne kawai ya bi ta. Tukunyar da ake dafa tuwon biki a ciki alminiyam ce. Dalma ta gaskiya ita ce mai nauyin nan da ke cikin batirin mota, kuma guba ce. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Kada ka fasa batir, kada ka narka abin da ke cikinsa, ko da kyauta aka ba ka.

Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660. Ruwa yana tafasa a digiri 100, ka ga ke nan ya ninka shi fiye da sau shida. Jan ƙarfe sai ya kai 1,085. Shi ya sa mai koyo yake farawa da alminiyam.

Wajen 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ake samun kayan narki, ko a ranar kasuwa kamar Juma'ar Wudil da Lahadin Gujungu. Mafi kyau shi ne abin da tun asali zuba shi aka yi: fistin, da kan inji, da fasasshen murfin injin babur, da tsohuwar tukunya. Gwangwanin lemo ba shi da auki. Ka cika buhu, ka narka, rabinsa ya tashi a datti.

Ka riƙa tafiya da maganaɗisu a aljihu. Abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne, ajiye shi gefe. Abin da bai kama ba amma ya yi nauyi fiye da girmansa, kamar kafireto, wani ƙarfe ne daban, shi ma cire shi. Akwai kuma wani mai kama da alminiyam sak, sai dai ya fi shi rashin nauyi, sunansa maganiziyam. Wannan in ya kama da wuta, ruwa ba ya kashe shi, ƙara masa ƙarfi yake yi. Gwajinsa mai sauƙi ne: kankare wurin da wuƙa, ka ɗiga ruwan lemon tsami. In ya yi kumfa, kada ya shiga kaskonka.

Wani abu kuma. Tarkacen inji yakan zo da ɗan burbushin dalma a jikinsa, ido ba ya gani. Saboda haka abin da za a ci abinci da shi, kamar ludayi ko murfin tukunya, a yi shi da tsofaffin tukwane da farantai kawai. Tarkacen inji a bar shi ga mariƙin ƙofa, da fulin injin niƙa, da makamantansu.

Ginin murhu

Nemi ƙaramin duro, ko ka yanke babba ka ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Duron da aka taɓa zuba fetur, ko tukunyar gas, ba a sa musu wuta ko abin yanka haka kawai, domin tururin da ya rage a ciki yana fashewa. Mai koyo ya nemi duron da bai taɓa ɗaukar mai ba, ya huta.

Cikin duron za ka yaɓe da ƙasa, kaurin yatsu huɗu zuwa biyar. Mu a ajinmu mun haɗa kwano biyu na yumɓu, kwano biyu na yashi, da kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa. Wanda ke kusa da Kura ko Haɗeja ba zai sha wahalar ɓuntu ba. Amfaninsa shi ne, in wuta ta ci shi, sai ya bar ƙananan ramuka a cikin bangon, su kuma ramukan su riƙe zafi kada ya fita. Ƙasar suri ma tana yi. Siminti dai kada ka sa, zafi yana farfasa shi.

Ka huda rami ɗaya a gefe, can ƙasa, inda bututun wuta zai shiga. Kada ramin ya kalli tsakiya. Karkata shi ya bi jikin bango, yadda harshen wuta zai riƙa zagaya kasko kamar guguwa. A tsakiyar gindin murhu ka dasa guntun jan bulo, a kansa kasko zai zauna. Murfi ma ƙasa za ka yaɓa masa, ka bar rami a tsakiya kamar faɗin bakin kofi.

Sai haƙuri. Bar shi a inuwa ya yi mako guda, da damina ya fi haka. Bayan nan ka hura 'yar wutar kara a ciki, gobe ka ƙara ta itace, jibi ta gawayi. Ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya ƙosa, kwana biyu da yaɓe ya sakar masa babbar wuta. Ruwan da ke cikin bangon ya tafasa ya nemi hanya, bangon ya dare gida uku. Da ya kai wa tsohon maƙerin unguwarsu ƙara, sai tsohon ya tambaye shi, "Kai yaro, ka taɓa ganin an gasa ɗanyar tukunya ranar da aka gina ta?" Ya ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To je ka sake kwaɓi."

Kasko kuwa, mai walda zai yi maka shi da guntun bututun ƙarfe mai kauri, ya toshe gindin, ya sa masa kunnuwa biyu. Kada ya yi da farin bututun ruwa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Ka sani narkakken alminiyam yana cin ƙarfe a hankali, don haka kafin kowane aiki ɗaga kaskon ka duba ta rana. In ka hango haske ta gindi, ya gama aiki.

Mai da iska

Baƙin man bakanike ba ya zuwa da tsabta. Akwai ƙasa a ciki, da garin ƙarfe, sau da yawa har da ruwa. Zuba shi a jarka ka bar shi kwana biyu ko uku. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa. Tsiyaye na sama a hankali, ka tace da tsohon ƙyalle, ka bar na gindin. In ruwa ya biyo mai zuwa murhu, wuta za ta riƙa tari tana mutuwa. Da hunturu man yakan yi kauri ya ƙi gudu, sai ka ajiye jarkar a rana, ko ka sirka da ɗan kananzir ko man gas. Fetur kam ko ɗigo. Man taransifoma ma ka guje shi, wani yana da guba mai tsanani in an ƙona.

Abin hura wutar bututu biyu ne, ƙarami a cikin babba. Babban, mai faɗin inci biyu, iska ke bi ta ciki. Ƙaramin na mai ne, bakinsa ya tsaya dab da bakin babban. Galan ɗin mai ka rataye shi sama da tsayin mutum, nesa da murhu da taku uku ko huɗu, ka sa masa famfo. Mai zai gangaro da kansa, iska ta kwashe shi ta watsa cikin murhu. Iska kuwa ko fankar hannu irin mai wilin keke da maƙera ke juyawa, ko fankar cikin mota da ke aiki da batir.

Baƙin mai ba ya kamawa a murhu mai sanyi. Fara da gawayi ko itace har cikin ya yi ja. Sannan ka saki iska, sannan ka buɗe famfo kaɗan-kaɗan. Kunne da ido za su gaya maka sauran. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa, rage shi. In wuta tana ɗaukewa, iska ce ta fi ƙarfin man. In sun daidaita za ka ji ruri ɗaya miƙaƙƙe, hayaƙi ya kusan ɓacewa. In wuta ta mutu ana cikin aiki, rufe famfo nan take, bar iska ta kore tururin da ya taru, kada ka leƙa ta murfi. Wajen kashewa ma mai ake fara rufewa.

A fili ake wannan aiki, bayan gari ko bayan gida, nesa da rumbu da dangar kara. Ka tsaya ta gefen da iskar gari ke busowa, don hayaƙi ya yi gaba. Ba a yi a zaure, ba a yi kusa da yara ko mai juna biyu.

Ƙasar zubi

Tankaɗe yashi mai laushi, ka haɗa kwano tara da kwano ɗaya na garin yumɓu, ka yayyafa ruwa kaɗan. Dunƙula a hannu. In ya riƙe sawun yatsunka, ya karye gida biyu ba tare da ya wargaje ba, kuma bai jiƙa maka tafi ba, ya yi. In ya manne a hannu kamar tuwo, ruwa ya yi yawa.

Akwatin katako biyu za ka yi, marasa gindi, ɗaya ya hau kan ɗaya daidai. Sa abin da kake son kwaikwaya a na ƙasa, ka cika da yashi ka daddanna. Juya shi, ka barbaɗa toka don kada su manne, ka ɗora na sama ka cika, da sanda a tsaye wadda za ta bar ramin zubawa. Raba su, zare abin da sandar a hankali, ka sossoka siririyar waya don tururi ya sami mafita, ka mayar ka ɗora dutse a kai. Alminiyam yana ɗan tsukewa in ya huce, kamar milimita 13 a kowace mita, saboda haka fuli zai fito ƙasa da na asali kaɗan.

Zubawa

A nan ne ruwa ke cutar mutane. Kofi ɗaya na ruwa in ya zama tururi yana neman wurin kofi fiye da 1,600. In ɗigo ya shiga ƙarƙashin narkakken ƙarfe, sama zai watso shi. Ni kaina ina da tabo a bayan hannu. Cokalin kwashe datti na ɗauka daga inda ya kwana a raɓa, na tsoma ba tare da na gasa shi ba. Ƙara na ji kamar an fasa ƙwai a tafasasshen mai, Allah ya taƙaita bai sami ido ba.

Don haka duk abin da zai taɓa narkakken ƙarfe, a fara ɗora shi bisa murfin murhu ya gasu: tarkace, cokali, awartaki. Ƙasan wurin ya zama busasshen yashi, ba daɓen siminti ba. Ranar da hadari ya haɗo a bar aikin.

Cire babbar riga. Sa kayan auduga masu dogon hannu, da takalmin fata rufaffe, da safar hannu ta fata, da tabarau irin na masu gurza ƙarfe. Silifa da yadin roba narkewa suke su manne a fata.

Narkakken alminiyam da rana ba ya yin ja, sheƙi yake kamar madubi, kada ya ruɗe ka. Da ya narke duka, ba shi 'yan mintoci, kwashe dattin sama, ka kashe wuta. Barin sa ya daɗe yana sa aikin ya fito da ƙananan ramuka kamar cin gara. Ɗaga kasko da awartaki, ka zuba a miƙe ba tsayawa har ramin ya cika. Ragowar ka juye a ramin busasshen yashi. Bar akwatin kamar rabin awa kafin ka fasa, ka ɗauko da awartaki, in ya huce ka yanke wutsiyar da ramin zubawa ya bari ka gyara da magagari.

In an ƙone, nesa da murhu a zuba wa wurin ruwa mai tsabta, mai sanyi, har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Ba a shafa manja, ko man goge baki, ko ƙwai, balle baƙin mai.

Aikin aji

Karanta waɗannan da ƙarfi, sannan ka rubuta su a littafinka: murhu, kasko, yumɓu, ɓuntu, tururi, awartaki, maganaɗisu.

A ce ka sayi tarkace kilo 10. Da ka tsince da maganaɗisu ka cire kilo 2. Da ka narka, datti ya ci kilo 1. Kilo nawa ya rage? In kowane mariƙin ƙofa yana cin rabin kilo, guda nawa za ka samu?

Za ka haɗa ƙasar zubi kwano 30. Kwano nawa na yashi, nawa na yumɓu?

Mako mai zuwa kowa ya zo da dunƙulen ƙasar zubi da ya haɗa da hannunsa, a ƙulle a leda don kada ta bushe. Za mu gwada ta kowa a gaban aji.