Yadda Ake Jin Bukatun Mahalarta Kafin Taron Bita kan Bayanan Bincike a Kumasi

A Kumasi, taron bita guda kan adana bayanan bincike yana iya haɗa ɗalibin digiri na biyu daga jami'ar KNUST, da ma'aikaciyar lafiya mai tattara alƙaluman masu zuwa awo a Asawase, da malamin Islamiyya na Aboabo wanda ke rubuta tarihin dattawan Zango a littafi. Darasin da zai amfani na farko yana iya wuce na ukun gaba ɗaya, don haka ya kamata mai shirya taron ya aika wa kowa da takardar tambayoyi mako biyu ko uku kafin ranar.

Kada tambayoyin su wuce goma. A tura su ta WhatsApp, domin imel yakan kwana bai samu mai buɗe shi ba. Wajen haɗa takardar, manhajar Google Forms ta wadatar, amma inda intanet ke yankewa, manhajar KoboToolbox tana riƙe amsoshi a waya har a samu layi.

Abin da ya fi bukatar kulawa shi ne yadda ake tsara tambayar. Idan aka tambayi mutum ko ya iya manhajojin sarrafa alƙaluma irin su Excel ko SPSS, kusan kowa zai amsa da "daidai gwargwado", wani don kunya, wani don tawali'u, kuma amsar ba ta nuna wa mai koyarwa komai. Gara a tambaye shi abin da yake yi a aikace: ina bayanansa suke a yau, a waya ne ko a filashi ko a littafi, kwafi nawa yake da su, ya taɓa rasa aiki saboda ɗaukewar wuta ko satar waya, idan kuma hira ya naɗa da Hausa ko Twi, wa ke mayar masa da ita rubutu. A ganina, tambayar kwafi ita ce ta fi tona gaskiya, domin wanda ke da kwafi ɗaya tak bai kai lokacin jin ƙa'idojin FAIR na 2016 ba, wato ƙa'idojin tsara bayanan bincike yadda wasu za su iya samun su su sake amfani da su, sai ya fara koyon ajiya a wuri biyu.

Takardar kanta tattara bayanan mutane ce, kuma dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta shafe ta. A bayyana a samanta dalilin tambayar da wanda zai ga amsoshin, a nemi amincewar mai amsawa, kuma kada a nemi abin da taron ba ya bukata, kamar lambar katin ɗan ƙasa.

A ƙarshen takardar a tambayi wanda zai zo da kwamfuta, da harshen da kowa ya fi so, da ko ranar Juma'a za ta yiwu. Kwana uku kafin taron a rufe karɓar amsa, a raba mahalarta rukuni biyu bisa abin da suka faɗa, sannan a buɗe zaman farko da karanta musu matsalolin da suka fi maimaituwa, ba tare da ambaton sunan kowa ba.