Yadda Ake Haɗa Gayyar Farfaɗo da Daji Ba Tare da Dashe Ba

Duk wanda ya taɓa shiga gangamin dashen itatuwa ya san abin da ke faruwa idan rani ya tsananta: rabi awaki su cinye, rabi rana ta ƙone. Akwai wata hanya da manoman jihar Maraɗi suka runguma tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace shekara a gona kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Hanyar ita ce a bar tsiron nan a riƙa gyara shi har ya zama itace, maimakon a sare shi. A Nijar ana ce mata sassaben zamani. Da ita aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram.

Da farko ku je wurin mai gari da mai filin. Kada a kai gatari ko'ina sai an san na wane ne wurin, an kuma zauna da makiyayan da ke bi ta can. Gayyar da aka yi ba da Fulanin yankin ba, a ganina, aikin banza ce, domin tsiron da ba a yi yarjejeniya a kansa ba, ba ya kai baɗi.

Sai ku zaga filin da rani, kafin sharar gona, tare da dattijon da ya san itatuwa. Ku nemi kututturan kalgo, sabara, magarya, aduwa, bagaruwa da gawo. In kun sami gawo ku riƙe shi da kyau: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Nan ne ainihin aikin. A kowane kututture za ku tarar da tsiro goma ko fiye suna cinkoso. Ku zaɓi uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ku sare sauran. Waɗanda kuka bari, ku rage musu rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu, kada ku wuce haka, in ba so kuke iska ko akuya ta karya su ba. Adda ta kasance mai kaifi, a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A ɗaura jan ƙyalle a jiki, alamar cewa wannan yana da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida a dawo a sake gyarawa, kuma itacen da aka rage ya isa mata su girka abinci.

Inda ƙasa ta zama fako, babu kututture ko ɗaya, sai a haƙa rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, ko kuma tassa irin ta manoman Tawa: ƙananan ramuka da ake zuba wa taki. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga.

Saboda namun daji, kada ku share wurin fes. Ku bar wani lungu da ciyawa da ƙaya, ku tara rassan da kuka sare a gefe, ku hana sa wuta. A irin wannan duhuwa zabin daji da fakara ke yin ƙwai, zomo da bushiya su sami maɓoya, zuma kuma ta biyo furen magarya. Ku roƙi sarkin maharba ya hana farauta a wurin na 'yan shekaru, yara ma a ja musu kunne kan ɗibar ƙwai. A sa mutum ɗaya ya riƙe littafi, duk wata yana rubuta tsuntsaye da sawun dabbobin da aka gani da sassafe.