Matakan zaga Istanbul da iyali

1. Ku kama masauki a unguwar Sultanahmet ko Sirkeci, kusa da layin tiram (jirgin ƙasa na cikin gari) na T1. Daga nan da ƙafa za ku isa masallacin tarihi na Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmed.

2. Ku sayi katin Istanbulkart a na'urar tasha, ku zuba masa kuɗi. Da shi ake hawa tiram, bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har jirgin ruwa. Tasi kam, cunkoso zai cinye muku yini da aljihu.

3. Ku yi sammako kafin layi ya miƙe. Wuri biyu a rana ya ishi mai yara.

4. Babbar kasuwar Kapalıçarşı ba ta ci ranar Lahadi. Ranar sai ku hau jirgin ruwa daga tashar Eminönü ku tsallaka Üsküdar, a ɓangaren Asiya na birnin.

5. Kowane yaro a sa masa katin adireshin otal a aljihu, ko da zai ɓata.